Makon da Aka Koya Mini Ƙin Bin Zuciyata

Saboda takarda na shiga kwas ɗin nan, ba zan ɓoye ba. Babu jirgin da ke ratsa teku da zai ɗauke ka aiki sai ka nuna shaidar horon farko na kare rai, ko kai injiniya ne, ko kuku, ko mai goge-goge. Tushen dokar shi ne yarjejeniyar STCW, wato ta horar da ma'aikatan jiragen ruwa, da IMO, hukumar sufurin teku ta duniya mai hedikwata a Landan, ta amince da ita a 1978, aka yi mata babban gyara a 1995, aka sake wani a Manila a 2010. Horon kashi huɗu ne: tsira da rai idan ta kai ga barin jirgi, rigakafin gobara da kashe ta, taimakon farko, sai kula da kai da zama da abokan aiki. A raina na ce mako guda ne kawai, a zauna a yi gyangyaɗi a karɓi satifiket.

Ranar farko malaminmu, wani dattijo da ya yi furfura a jiragen dakon kaya, ya shigo ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya danna ƙararrawa: gajeru bakwai, doguwa ɗaya. Ya ce, "Samari, kun ji wannan da tsakar dare, me za ku yi?" Wani a baya ya ce, "Gudu, Malam." Dattijon ya dube shi ya ce, "Zuwa ina, yaro? Gabanka ruwa, bayanka ruwa." Daga nan ya nuna mana allon da ake liƙawa a kowane jirgi, mai ɗauke da matsayin kowa, inda zai tsaya, da aikin da zai yi in an shiga tashin hankali. A tudu in gobara ta tashi akwai 'yan kwana-kwana, in mutum ya faɗi akwai motar asibiti. A tsakiyar teku ku ne duk waɗannan, ku ashirin ɗin ko ƙasa da haka da ke cikin jirgin.

Sai a rana ta biyu, a bakin tafkin horo, na fara fahimtar abin da ake son cusa mana. Rigar ceto an yi ta ne yadda mutum zai iya sa ta cikin minti ɗaya. Na sa tawa da sauri don in burge, ban ɗaure igiyar sosai ba. An ce in za ka faɗa ruwa ka haɗa ƙafafu, hannu ɗaya ya toshe hanci da baki, ɗayan ya danne rigar, ka dubi gaba kada ka dubi ƙasa. Ni kuwa da na hau dakalin nan sai idona ya kafe a kan ruwa. Na faɗa, rigar ta taso ta doke ni a haɓa, na haɗiyi ruwa ya fi kofi guda. Da kaina ya fito ban san lokacin da na fara fafutukar iyo ba, hannu da ƙafa. Malam yana tsaye a sama yana cewa, "Ina za ka? Tsaya! Bar rigar ta yi aikinta."

Iyon nan shi ne kuskuren. A ruwa mai sanyi, mintunan farko numfashi ne ke ƙwace wa mutum, ya riƙa zuƙar iska ba da sonsa ba, kuma a nan da yawa ke shaƙar ruwa su tafi tun sanyin bai kai ga kashe su ba. Abin da ake so shi ne ka natsu har numfashin ya dawo hannunka, ka naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, in kuna da yawa ku rungumi juna. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska wajen sau 25, motsi kuma yana ƙara masa sauri. Haka zancen ƙishirwa: a kwale-kwalen roba lita ɗaya da rabi aka tanadar wa kowane mutum, ana kuma so a daure awa 24 na farko ba a sha ba sai ga wanda ya ji rauni. Ga ruwa har iyakar ganinka, maƙogwaro na cewa kurɓi kaɗan, alhali gishirinsa ƙara busar da jiki yake yi. A nan na fara lura da cewa duk abin da zuciya ta fara raya maka a teku, yawanci shi ne zai halaka ka.

Ranar wuta ma haka. Aka sa mana tukunyar iska a baya, aka tura mu cikin wasu ɗakunan ƙarfe cike da hayaƙi, mu biyu-biyu. Ba ka ganin tafin hannunka. Da rarrafe ake tafiya, hannu ɗaya bai rabuwa da bango, ƙofa kuma da bayan hannu ake taɓa ta kafin a buɗe. A lissafi iskar tukunyar za ta kai ka kusan minti 30, amma lissafin mai kwanciyar hankali ke nan. Tawa ta fara busa usur ɗin gargaɗi tun abokin tafiyata yana da saura mai yawa, don tsoro ya sa ina haki kamar wanda aka koro. Wani abin da ban taɓa kawowa a rai ba shi ne ruwan kashe gobara kansa na iya kifar da jirgi. Jirgin Normandie a tashar New York a 1942 wuta ce ta kama shi, amma ruwan da aka yi ta antaya masa ne ya yi masa nauyi har ya kwanta a gefe. Wato ko tiyo ne a hannunka, sai ka yi tunanin inda ruwan zai taru.

Taimakon farko bai ba ni wahala ba: danna ƙirji sau 30, hura iska sau 2, ka ci gaba har hannu ya gaji wani ya karɓe ka. Darasin awannin hutu kuwa na ɗauke shi surutu a lokacin, awa 10 cikin kowace 24, awa 77 a mako. Sai da na yi gadin dare a jirgi na ga yadda mai jin barci ke karanta ma'auni ba daidai ba, sannan na daina raina shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na rufaffun wurare. Jirgi cike yake da su: tankunan ruwa, ramin da sarƙar anga (ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi) ke taruwa, rumbunan kaya. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 cikin ɗari oksijin ce. A wurin da ya daɗe a rufe, tsatsa kaɗai ta isa ta cinye ta a hankali, haka ma kaya irin su katako, gawayi da hatsi. Babu wari, babu hayaƙi, babu abin da ido zai gani. Mutum ya sauka tsani lafiya lau, ya ja numfashi biyu ko uku, ya zube.

Malam bai yi mana dogon bayani ba. Ya kai mu bakin wani tanki da aka kwantar da mutum-mutumi a ƙasansa, sanye da kayan aiki irin namu. Ba zato ya daka tsawa: "Ɗan'uwanku ya faɗi!" Wallahi ban yi shawara da kowa ba, sai ganina na yi a kan tsani, har na sauka mataki huɗu. Ya bar ni na kai ƙasa, na kama kafaɗar mutum-mutumin, sannan ya leƙo ya ce a hankali, "To, gawa ta zama biyu. Wa zai bi su ya cika uku?"

Na fito ina jin haushi, har na ce masa, "Malam, yanzu mutum yana mutuwa a gabana sai in tsaya kallo?" Ya ce, "Ba kallo na ce ka yi ba, ɗana. Ka yi ihu, ka buga ƙararrawa, ka tsare bakin ramin kada wani ya shiga. Masu tukunyar iska da igiya su ne za su sauka." Ya ce a irin wannan hatsari sau da yawa ba mutum ɗaya ake fitarwa ba, na biyu da na uku duk masu kai ɗauki ne. Har yau ina ganin wannan ya fi kowane darasi ɗaci, domin ba ragwanci ake hana ka ba, kirkinka ake cewa ka danne. An tashe mu a kan cewa wanda ya ga ɗan'uwansa cikin halaka ya tsaya, ba mutum ba ne. Ga shi an zo wurin da tsayawar ce taimakon. Da alama masu tsara SOLAS, dokar kare rayuka a teku, ma sun san jin magana sau ɗaya ba ya isa, shi ya sa tun Janairun 2015 aka wajabta atisayen shiga rufaffen wuri da ceto duk wata biyu, daga Yulin 2016 kuma dole jirgi ya riƙe na'urar auna iska ta hannu.

Atisaye a jirgi yana da gundura, wannan gaskiya ne. Kowane ma'aikaci sai ya yi na gobara da na barin jirgi aƙalla sau ɗaya a wata, wani lokaci kana tsakiyar barci bayan gadi. Na ga waɗanda ke zuwa da riga a hannu suna hamma, na ga kuma inda ake cika takarda kawai a ce an yi, wanda a ganina cin amana ne. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da abin ya zo da gaske hankali tashi yake ya bar ka, abin da hannu ya saba shi kaɗai ke saura. Ko takardar ma ba ta dindindin ba ce, duk shekara biyar sai ka koma tafkin nan da ɗakin hayaƙin nan.

Wata na uku da fara aikina aka ce a duba ramin sarƙar anga. An buɗe shi tun safe ana hura masa iska, an sa hannu a takardar izini, ni aka ajiye a baki da rediyo. Babban jami'i ya zura na'urar aunawa da igiya, sama, tsakiya, ƙasa. Wani sabon yaro da muka hau jirgi tare ya gaji da jira, ya ɗora ƙafa a kan tsani yana cewa minti ɗaya ne kawai zai leƙa. Ban san lokacin da na damƙe wuyan rigarsa ba. Ya juyo yana hararata, na nuna masa na'urar da baki. Muka tsaya mu uku shiru muna kallon lambar oksijin tana hawa a hankali, har ta tsaya a 20.9.