Daga Ikko zuwa gida: kafin yaro ya hau mota

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa ga iyayenmu da ƙannenmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne samarin da ke sauka unguwannin Agege da Mile 12 a Legas da zarar an gama girbi. Shekarunsu 18 zuwa 25, wani ya bar makaranta bayan jarrabawar BEPC ta ƙaramar sakandare, wani ya sauke Alƙur'ani, ba aure, ba jari. Sun wuce a ciyar da su a gida, amma ba su kai riƙe kansu ba. Watanni uku na farko a Legas su ke gyara irin wannan yaro ko su lalata shi, kuma yawancin ɓarnar tun daga gida ake iya tare ta.

Kada yaro ya taso sai yana da mai masauki. Ba "akwai 'yan garinmu a can" ba: mutum ɗaya takamaimai, wanda uba ko kawu ya yi magana da shi ta waya, ya ji sana'arsa da unguwarsa, ya kuma ji ya ce a turo. A rubuta lambarsa a takarda, domin waya tana ɓacewa a hanya. Ya riƙe katin ɗan ƙasa, ya bar hotonsa a gida. Nijar ta fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025, don haka wanda ba shi da takardar shaida ya fi kowa shan tambaya a shingaye. Kuma a biya masa kuɗin mota. Hawan bayan tirelar shanu ko albasa daga Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000, araha ce mai cin rai.

Maganar acaɓa ita ce ta fi damunmu, don har yanzu ana sayar da akuya da hatsi a haɗa wa yaro kuɗin babur. Wannan ƙofa ta ƙuntata ƙwarai. Tun ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa kwata-kwata a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sannan a Satumba ta ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Mile 12 kanta a cikin Kosofe take. Babur ɗin da aka kama niƙe shi ake yi, ba a mayarwa. Sabon zuwa bai san inda iyakar wata ƙaramar hukuma ta tsaya ba, fasinja zai ce masa "nan gaba kaɗan", sai ya tsinci kansa a hannu. Idan babur ɗin na bashi ne, ana biya mako-mako, to babur ya tafi, bashi yana nan. Ga kuɗin tikitin 'yan tasha kullum, ga mai da ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023.

Abin da ke karɓar baƙo da sauƙi shi ne dako a kasuwa, ga-ruwa, gyaran takalmi, yankan farce, wankin kofi a teburin mai shayi, ko aiki a mayankar Oko-Oba. Duk ana shiga ta hannun wani. Mu dai shawararmu, yaro ya zaɓi inda zai koyi abu ko da kuɗin ya fi kaɗan. Mai tura jarka mai lita 25 bayan shekara biyu jarkar yake turawa, amma yaron mai shayi ko na mahauci yana iya kafa nasa teburin.

Gadi yana da daɗi don akwai wurin kwana, sai dai a nan aka fi cutar yara. A yanke albashi da ranar biya a gaban shaida kafin a karɓi makulli. Kada ya yarda mai gida ya "ajiye masa" kuɗi. Ranar da aka ɓata, lissafi yakan rikice. Kada ya kwana da baƙi a ɗakin gadi, ko 'yan garinsu ne, domin duk abin da ya ɓace a gidan shi za a fara kamawa.

Ɗaki kuwa ba na wata na farko ba ne. Masu gida kan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, ga na dillali, ga na rubuta yarjejeniya. Shi ya sa ake haɗuwa huɗu ko biyar. A duba bango kafin a biya: idan akwai zanen da ruwa ya bari, ɗakin yana cika a Yuni da Yuli. Gidan sauro ya fi katifa muhimmanci, don zazzaɓin cizon sauro a nan ba ya jiran damina. Ruwan sha a tafasa ko a sayi na leda. An yi kwalara a Legas a 2024.

Akwai wani abu da ba a son faɗa. Aikin ƙarfi da rashin barci su ke kai yaro ga tiramadol. Abokin aiki ne zai miƙa masa ƙwaya ɗaya "don gajiya", cikin 'yan watanni rabin abin da yake samu a can yake ƙarewa, ga kamun 'yan NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Alamarsa daga gida ita ce kira ya ragu, magana ta zama faɗa.

Iyayenmu, a nan muke roƙonku. Naira yake samu, sefa kuke kashewa, kuma naira ta faɗi sosai tun 2023, abin da a da yake zama jaka mai yawa yanzu ya ragu a hannun mai canji. Idan aka fara kiransa a mako na biyu ana neman na suna da na biki, kunya za ta sa ya ci bashi ko ya kashe waya. Ku ba shi wata uku bai aiko komai ba. Ya fara ware kuɗin motar komawa, ya ajiye wurin mai masaukinsa da shaida, kada ya taɓa. Bayan haka ya shiga adashi, amma da mutanen da aka san garinsu da iyayensu. Ku riƙa kiransa ranar Juma'a ku tambayi inda yake kwana da abin da ya ci, ku kuma kira mai masaukin daban. In ya ce zai dawo noma a farkon damina hannu wofi, ku ce masa ya taho.

Wassalam,
'Yan uwanku mazauna Agege da Mile 12