Daren da na “gyara” alamar fam

Har yau in na ga alamar £ a kan allo sai gabana ya faɗi.

Ina aiki daga gida a Gwammaja, ina shiga babbar kwamfutar wani kamfani mai amfani da tsarin z/OS na IBM ta wc3270, manhajar da ke haɗa laftof da irin wannan kwamfuta. Laftof ɗin na hannu ce, a Beirut Road na saye ta, madannanta irin na Ingila, £ na zaune a saman lamba 3. Da na zo saita manhajar sai na ce tunda madannan na Ingila ne, bari in zaɓi na Ingila, wato 285, a jadawalin haruffa (jerin da ke faɗin harafin da kowace lamba ke nufi). A nan na taka sawun ɓarawo, ban sani ba.

Sauya maɓallai bai ba ni wahala ba. Komai ya zauna.

Da na buɗe JCL ɗin aikin dare, wato rubutun umarnin da kwamfutar ke bi ta gudanar da aikin, sai na ga sunayen fayil cike da £. Na ɗauka wanda ya riga ni ne ya yi shirme. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na mayar da su $, na adana, na tafi sallar isha ina jin na yi abin kirki. Ƙarfe biyu na dare waya ta tashe ni: aikin ya tsaya da JCL ERROR, rahoton safe ba zai fito ba. Ga babu wuta, sai da na tayar da janareta cikin dare, maƙwabta na barci.

Abin da ya ƙara rikita ni, a idona komai daidai yake. Dala na gani, dala ake so. Wani dattijon injiniya ne ya tuna mini da umarnin da ke nuna lambar kowane harafi, ya ce, “Ɗana, buga HEX ON ka karanta mini.” Na ce, “Malam, 4A nake gani.” Ya ce 5B ya kamata.

Ashe babbar kwamfutar ba ta san wata dala ko fam ba, lamba kawai take ajiyewa. A jadawalin 037, wanda kamfanin ke kai, 5B ita ce dala. A 285 kuwa ita wannan 5B ɗin fam take fitowa, dalarsu tana 4A, wadda a 037 alamar santi (¢) ce, kuma sunan fayil ba ya karɓar ta. Wato fayilolin lafiyarsu ƙalau, ni na lalata su da hannuna.

Jadawalin da za ka zaɓa na babbar kwamfutar ne, ba ruwansa da abin da aka zana a madannanka. Ka tambaya tun ranar farko. In kuma za ka taɓa rubutun yaren manhaja na C ko na sashen UNIX da ke cikin z/OS, ka sake tambaya, don can jadawalin 1047 ake yawan bi, kuma lambobin alamomin [ da ] ba ɗaya suke da na 037 ba.

Sai bayan asuba na gama dawo da sunayen. Yanzu ba na canza ko harafi ɗaya mai kama da kuskure sai na ga lambarsa da HEX ON.