Minti 45 ɗin Kawu

Hazo ya lulluɓe Tawa tun asuba. Tari ya dawo wa Inna.

Da hantsi Kawu ya shigo, salula a hannu. Wai ya duba a intanet, daga filin jirgin Tawa zuwa filin jirgin Mano Dayak na Agadas kilomita 370 ne, minti 45 an sauka. Baƙinsa za su yi hayar ƙaramin jirgi su tashi ƙarfe 9, shi kuwa har ya sa taro ƙarfe 10.

Na ce, "Kawu, ku gafarce ni, nisan daidai ne, amma wane jirgi za su hau?"

Ya ce, "Kai ɗan nan, jirgi ai jirgi ne."

Maganar nan ce ta hana ni sakat yini guda. Minti 45 lissafin jirgi mai farfela biyu ne, mai cin kilomita 500 a awa. Cessna Caravan, irin wanda aka fi haya, wajen 300 yake ci. Raba 370 da 300, awa ɗaya da minti 14 ke nan, kuma wannan in iska na kwance. Agadas tana arewa maso gabas da mu, daidai inda iskar hunturu ke fitowa. In ta tare jirgin da ƙarfin kilomita 40, gudunsa a kan ƙasa ya koma 260, tafiya ta zama minti 85. A dawowa iskar ce ke tura shi, minti 65 ya iso. Sannan a ƙara tada inji, gangarawa bakin titin tashi, hawa sama da ba a yi da cikakken gudu, da kewayen sauka. Minti 10 zuwa 15 sun tafi a nan. Na ce masa ya rubuta awa ɗaya da minti 40, ban da awon kaya da duba takardu.

Ya gyara zama ya ce to su tashi da azahar mana, a mai da taron la'asar. Yanzu da sanyi babu laifi, amma na roƙe shi kada ya saba da haka. In bazara ta kama, iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da inji ba su samun abin riƙo sosai, ga Agadas ta ɗara mu tudu, wajen mita 500 a kan teku. Wani lokaci dole matuƙi ya rage kaya ko mutum, don man ajiya da na zuwa wani fili in sauka ta gagara ba a taɓa shi.

Da ya nuna mini takardar da aka turo masa, sai ga 0900 da harafin Z a gefe. Agogon UTC ne, na bai ɗaya da jirage ke aiki da shi a duniya, mu muna gabansa da awa ɗaya. Ashe ƙarfe 10 ma za su tashi.

Kawu ya yi shiru, ya miƙe ko shayinsa bai ƙarasa ba. Raina bai so ba, mutane ya riga ya gayyata. Kuma a rana irin ta yau duk lissafin nan ba shi da amfani in rahoton ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage, ya ce ganin gaba ya yi ƙasa, jirgin ko motsi ba zai yi ba. Sai hanyar Abalak, kilomita wajen 400 a mato, yadda kowa ya san ta.

Wuta ta ɗauke da magariba. Shinkafa da wake. Yaya ba ta kira ba.

Bayan isha'i Kawu ya aiko yaro, wai taro ya koma ƙarfe 1, in duba masa yanayin Agadas da sassafe.