Bakassi: Tsakanin Taɓo da Takarda

Duk sanda aka tayar da zancen Bakassi, yankin da Najeriya ta miƙa wa Kamaru, a majalisarmu ta hira, magana biyu ake yi. Wani ya ce Gowon ne ya ba Ahidjo, shugaban Kamaru na lokacin, ita tukuici saboda ya rufe wa Biyafara iyaka lokacin yaƙin basasa. Wani ya ce a'a, Obasanjo ne ya sallama ta don neman suna a wajen Turawa. Daga nan sai a faɗa lissafin man fetur har a tashi. Ba na jin ana tambayar yadda wurin yake, ko su wa ke kwana a cikinsa. Ni kuwa abincina ya daɗe yana fitowa daga can, domin sana'ar da na koya a hannun kawuna a unguwar Bogobiri ta Kalaba ita ce saro busasshen kifi da kirefish a kawo Arewa. Shi ya sa wannan hira take ci mini rai.

Bakassi ba ƙasa ba ce irin wadda Bahaushe ya sani, wadda za ka taka ka ce nan gonata, can ta maƙwabcina. Tana can ƙuryar mashigin tekun Gini, kogin Akwayafe da bakin kogin Kuros Riba ta yamma, Rio del Rey ta gabas. A taswira sai ka ga kamar dunƙule ɗaya ce ta zura kai cikin teku, amma in ka shiga, tarin ƙananan tsibirai ne da rafuka suka yi wa kaca-kaca, faɗinsu duka bai wuce murabba'in kilomita 665 ba. Mafi yawansu dajin mangurof ne, itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, saiwoyinsu a tsaye a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Sau biyu a yini teku ke cikowa ya shanye gindinsu, sau biyu yake janyewa ya bar baƙin taɓo mai wari wanda zai haɗiye mutum har cinya. Mai jirgi ba ya duba agogo, ruwa yake dubawa. In ya ce a tashi yanzu, to a tashi, in ba haka ba kwalekwale ya zauna a kan taɓo sai bayan sa'o'i shida.

Ga kuma ruwan sama. Kalaba na samun kusan milimita 3,000 a shekara, Kano kuwa da ƙyar take kai 1,000. In ka matsa gabas kaɗan zuwa Debundscha, a gindin Dutsen Kamaru, ana samun wajen 10,000. Amma duk da wannan, ruwan sha shi ne babbar wahalar mutanen Bakassi. Rijiya gishiri take bayarwa. Da damina a tari na rufin ɗaki, da rani a sayo a jarkoki daga tudu.

Na shiga Abana, ɗaya daga cikin garuruwan Bakassi, a zamanin da sojojinmu ke riƙe da ita. Garin yana kan ɗan siririn yashi, teku a gaba, fadama a baya. Gidajen katako da kwano ne, wasu a kan dirkoki, kuma kusan kowane gida da rumfar banda. Mata ne ke wannan aiki: su jera kifin bonga a kan raga, su hura itacen mangurof a ƙarƙashi, su kwana suna juyawa, idanunsu jajawur saboda hayaƙi. Kirefish kuwa a kan tabarmi ake baza shi in an samu rana, in babu a kai shi wuta. Da yamma wasu ƙananan ƙudaje ke fitowa, ba ka ganinsu sai dai ka ji jikinka ya ɗauki ƙaiƙayi. A bakin ruwa wani soja ya ji ina Hausa da yaron jirgi, ya taso da sauri. Bakatsine ne. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, don Allah ko kana da goro?" Na ba shi abin da ke aljihuna, ya karɓa da hannu biyu. Ya ce mini zazzaɓi ya fi harsashi kwantar da su a wurin. 'Ya'yan Arewa da yawa sun yi zaman wannan fadama, wasu can aka baro su.

Mazauna wurin Efik ne da Ibibio da mutanen Oron, sai Ijaw da wasu da kamun kifi ya kawo. Harshensu na Najeriya, kuɗinsu naira, danginsu na Kalaba da Ikang da Oron, kuma Obong na Kalaba suke kallo a matsayin sarki. To ta yaya Kotun Duniya ta ce ƙasar Kamaru ce?

Amsar tana cikin takardun da aka rubuta tun ba a haifi Gowon ba. A ranar 10 ga Satumban 1884 Ingila ta ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakuna da hakiman Tsohuwar Kalaba. Sannan a ranar 11 ga Maris ɗin 1913 ta zauna da Jamus, mai mulkin Kamaru a lokacin, suka ja iyaka ta bi tsakiyar kogin Akwayafe zuwa teku. Har suka ƙara da cewa ko da kogin ya sauya hanya, Bakassi ta Jamus ce. Babu wanda ya aika wa Obong, balle masuntan da ke bakin ruwa. Shekara ɗaya bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Jamus ta rasa Kamaru, wannan ɓangare ya dawo hannun Ingila a matsayin ƙasar amana, ana mulkinsa tare da Najeriya. Kusan shekara arba'in da biyar iyakar ba ta tsare wa kowa komai ba, don Bature ɗaya ne a hagu da dama. Mutane suka ci gaba da shiga da fita, aka manta da takardar.

A 1961 ta farka. A ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu, an tambayi ɓangarori biyu na Kamarun da ke hannun Ingila: Kudancin Kamaru ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru, Arewacin Kamaru kuwa, su Mubi da Gwoza da Gembu, ya zaɓi Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna. Mu mun yi murna da namu rabon, kuma muna da gaskiya. Sai dai ƙuri'ar da ta kawo mana Mubi ita ce ta tafi da ƙasar da Bakassi ke ciki. A 1962, zamanin Tafawa Ɓalewa, gwamnatin Najeriya da kanta ta aika wa Kamaru wasiƙa haɗe da taswirar da ta nuna Bakassi a ɓangarensu. Abin da Gowon da Ahidjo suka sa wa hannu a Yawunde a 1971 da Marwa ranar 1 ga Yunin 1975 iyakar cikin teku ce, kuma a kan layin 1913 aka ɗora ta. Gowon ya sha musanta cewa ya yi kyauta da Bakassi, kuma a ganina takardu suna bayansa. Wata biyu bai cika ba bayan Marwa aka kifar da shi, waɗanda suka gaje shi suka ce majalisar ƙoli ta soja ba ta amince da sanarwar ba.

Da aka fara jin ƙanshin mai a tekun yankin, sai zafi ya ƙaru. A watan Mayun 1981 aka kashe sojojin Najeriya biyar a kan ruwan iyaka, Shagari ya yi haƙuri bai shiga yaƙi ba, Kamaru ta ba da haƙuri ta biya diyya. A Disambar 1993 Abacha ya tura sojoji, Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague a Maris ɗin 1994. Ana cikin shari'a, a 1996, aka ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Bakassi da hedikwata a Abana. Lauyoyinmu suka ce Ingila kariya ta yi alkawari a 1884, ba mallaka ba, don haka ba ta da ikon ba Jamus abin da ba nata ba. Hujja ce mai nauyi a wajen duk mai adalci. Amma ranar 10 ga Oktoban 2002 alƙalai 14 suka bi takardar 1913, biyu kawai suka saɓa: Abdul Koroma na Saliyo da Bola Ajibola namu.

Akwai ɓangaren wannan hukunci da ya shafe mu kai tsaye, kuma shi ne ba a faɗa a majalisa. Shari'ar ba a kan Bakassi kaɗai aka yi ta ba, ta taɓa iyakar tun daga Tafkin Chadi har teku. Da tafkin ya ja baya a shekarun fari, masunta Hausawa da Barebari da wasu suka bi ruwa, suka kafa garuruwa irin su Darak a inda a da ruwa ne, ana mulkinsu daga Ngala ta jihar Borno. Kotu ta ce nan ma Kamaru ce. A Disambar 2003 aka miƙa ƙauyuka 33 na yankin, ba hayaniya. Masuncin Darak da masuncin Abana ciwo ɗaya suka yi: sun bi kifi inda yake, sai aka ce musu sun tsallake layin da ba su taɓa gani ba.

Sauran labarin an san shi. Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Amurka ranar 12 ga Yunin 2006, Kofi Annan na tsakani. Sojojinmu suka janye a Agustan wannan shekara. Majalisar Dattawa ta yi watsi da miƙawar a Nuwambar 2007, amma 'Yar'aduwa ya cika alkawari ranar 14 ga Agustan 2008 a Kalaba. A 2012 wa'adin shekara goma na neman a sake duba hukuncin ya ƙare, gwamnatin Jonathan ba ta nema ba. Sunan Abana ya koma Jabane, na Atabong, wani garin Bakassi, ya koma Idabato.

Ni ban ga laifin ƙin yaƙi ba. Wanda ya ga sojan da ke rawar ɗari a cikin wannan fadama ba zai yi wa ɗan wani fatan komawa ba. Inda nake jin haushi shi ne abin da aka yi wa mutanen bayan an sauke tuta. Greentree ta ce ba za a kore su ba, ba za a tilasta musu sauya ƙasa ba, kuma za a kare musu haƙƙin kamun kifi. Duk da haka dubbai suka tsallako, suna kukan haraji da takurawar jandarmomin Kamaru. Gwamnatin Kuros Riba ta yanko mazaɓu uku daga ƙaramar hukumar Akpabuyo a yankin Ikang ta ce ga sabuwar Bakassi. Wasu aka zuba su a azuzuwan makarantar firamare, suka yi shekaru a ciki. Su kuwa masu neman a mayar da su tsibirin Dayspring, inda akwai teku a ƙofar gida, irin su Sanata Florence Ita-Giwa, sun yi ta magana har murya ta dushe. Jihar ma ba ta tsira ba: a 2012 Kotun Ƙoli ta ce tunda Bakassi ta tafi, Kuros Riba ba ta da gaɓar teku, rijiyoyin mai 76 suka tabbata ga Akwa Ibom.

Akwai wata dattijuwa a Ikang da na daɗe ina sayen kirefish a hannunta. A Atabong aka haife ta, can ta aurar da 'ya'yanta. Da na yi mata ƙorafin tsada, sai ta ajiye mudun ta ce, "Aboki, ɗana yana biyan kuɗi kafin ya jefa raga a ruwan da ubansa ya koya masa iyo. In ka ga buhu ya tashi, ba ni na tayar da shi ba." Ban sake tayawa ba, na biya. Wannan ƙarin shi ne mai miya ke biya a Sabon Gari ba tare da ta san daga ina ya fito ba.

Har yau sunan Bakassi na cikin jerin ƙananan hukumomi 774 a tsarin mulkin 1999, kuma ana ware mata kaso daga asusun tarayya kowane wata. Abin da mutanen da nake hulɗa da su ke roƙo bai fi ƙarfin wannan kaso ba: matsuguni a bakin teku maimakon cikin daji, madakatar jiragen ruwa, injin kwalekwale ko da bashi ne, da famfon da zai ba da ruwa mara gishiri.