Abin da nazarin Margaret Cavendish ya koya mini

Aikina a jami'a koyar da adabin Ingilishi na ƙarni na 17 ne, amma binciken da na fi daɗewa a kansa ya tsaya ne a kan mace guda, Margaret Cavendish, matar basaraken Newcastle a Ingila, wadda ta rasu a 1673. Daga gare ta na koyi cewa katangar da muke gani yau tsakanin adabi da kimiyya daga baya aka gina ta, kuma ginin nata ya taimaka wajen ɓoye aikin mata.

A 1666 ta fitar da littafin falsafar halitta mai suna Observations upon Experimental Philosophy, ta haɗa shi cikin bango ɗaya da ƙagaggen labarinta, The Blazing World. Daga baya masana suka raba su: 'yan sashen adabi suka ɗauki labarin, masana tarihin kimiyya kuma suka daɗe ba su waiwayi ɗayan ba. Ni kuwa ina sa ɗalibaina su karanta su tare, domin hujja ɗaya ce take kafawa ta hanya biyu.

Ga abin da nake nufi. A 1665 masanin kimiyya Robert Hooke ya wallafa littafinsa Micrographia, inda ya zana ƙuma da ƙwarƙwata kamar yadda ya gan su a madubin ƙara girma, Landan ta ɗauka da mamaki. A labarin Cavendish, masana sun nuna wa sarauniyar duniyar da ta ƙaga waɗannan ƙwari ta irin wannan madubi. Sai ta tambaye su ko madubin zai hana su cizo, ko ya nuna yadda talaka zai rabu da su. Suka ce wannan ba aikinsu ba ne. Duk wanda ya karanta wannan a matsayin tatsuniya kawai ya yi asarar muhawara ta gaske a kan amfanin ilimi da wanda ake yi dominsa. A littafin falsafar ta faɗa ƙarara cewa gilashi na iya gurɓata siffar abu, kuma zahirin abu kaɗai yake nunawa. Tarihi ya nuna ta raina madubin fiye da kima, amma tambayarta na nan da ranta.

Darasi na biyu ya fi wuyar koyarwa. Ɗalibai, musamman mata, sukan so su mai da ita jarumar kare haƙƙin mata irin ta yau. Ina fahimtar wannan ƙishi, sai dai ita matar basarake ce mai goyon bayan sarki, wadda ta yarda da fifikon masu mulki a kan talakawa. Dukiyar mijinta da matsayinsa ne suka ba ta damar buga littattafai da sunanta. Girmama ta shi ne a karanta ta yadda take, har da inda ba ta yi mana daɗi.

Matsayin nan ne ma ya kai ta zauren ƙungiyar masana ta Royal Society a watan Mayu na 1667, mace ta farko da ta halarci zamansu. Aka yi mata gwaje-gwaje ta kalla a matsayin baƙuwa. Samuel Pepys, wani jami'in gwamnati da ya shahara da rubuta abubuwan da suka faru da shi kullum, wanda yake wurin, tufafinta ya fi mai da hankali a kansu a kundinsa. Ƙungiyar ba ta zaɓi mata a cikin mambobinta ba sai 1945, lokacin da ta karɓi Kathleen Lonsdale da Marjory Stephenson.