Baƙin Zoben da Na Kai Maradi

Bikin ɗiyar Gwaggona ne ya ɗaga ni daga Katsina zuwa Maradi, amma akwai abin da na ƙulle a bakin gyale wanda ban faɗa wa kowa ba. Zobe ne baƙi wuluk mai jan dutse a tsakiya, maigidana ya sayo mini shi a Dubai shekara 2 da suka wuce, ya ce baƙin gwal ake ce masa. Kullum yana hannuna, har wajen da ke gogar tafin hannu ya fara koɗewa, ruwan ɗorawa yana leƙowa. Wata maƙwabciyata ta juya shi ta ce an cuci mijina, gwal ba ya baƙi, ƙarfe ne aka shafa wa fenti. Maganar ta zauna mini a rai. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ce mutum ya tara guminsa don ya faranta mini, a yaudare shi. Na kasa gaya masa.

Mun tashi da sanyin safiya, lokacin kaka ne, an gama yankan gero, dammuna jingine a bakin rumbuna. Muka wuce Jibiya, muka tsaya a Magama na canji naira zuwa sefa, aka duba takardunmu, muka shiga Ɗan Isa. A nan direban ya nuna wata hanya da ta ratse, ya ce can ne ake haƙar zinariya. Motar ta yi tsit, don kowa ya tuna Garin Liman, inda rami ya rufta a watan Nuwamba na 2021, mutum 18 suka rasu. Wata tsohuwa a gefena ta yi musu addu'a, muka shafa. Na taɓa ƙullin gyalena, na ji nauyinsa daban.

Kafin azahar muna Maradi. Duk wanda ya fito daga Katsina ba ya jin baƙunta a garin nan, tunda sarautarsa ma ta Katsina ce, ta zuriyar sarakunan da suka yi ƙaura bayan jihadi. Gwaggo takan nuna mana gangaren gulbi ta ce can tsohon gari yake, kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hauro tudu. Jajayen awakin da aka san garin da su suna nan a kowane lungu, 'yan kabu-kabu kuma ba sa barin kunne ya huta.

Sai daren farko, bayan an watse daga wajen ƙunshi, na kwance gyalen na nuna wa Gwaggo. Ba ta ce uffan kan ingancinsa ba. Ta ce gobe mu je wurin maƙerin da ya yi mata awarwaron aurenta.

Rumfar tasa tana wani lungu kusa da babbar kasuwa. Dattijo ne, maƙerin fari, zaune a kan buzu, ga ƙaramar uwar maƙera a gabansa, ga awartaki da ƙananan masabu, ga sikeli cikin akwatin gilashi. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Mi ke tahe da ke, ɗiyata?"

Na miƙa masa na ce, "Baba, so nake a gaya mini gaskiyar abin nan."

Ya kanga shi a haske, ya nuna mini lamba 750 da aka buga a cikinsa. Ma'anarta kashi 750 cikin 1000 gwal ne, wato karat 18. Karat 21 da matanmu suka fi saye lambarsa 875, karat 22 kuma 916. Amma ya ce lamba kowa na iya bugawa. Ya nemi izinina, ya ɗan kankare cikin zoben inda ido ba ya gani, ya goga a kan wani baƙin dutse mai santsi har ya bar zane. Gefensa ya ja wani zanen da guntun gwal da ya san karat ɗinsa, ya ɗiga ruwan asid a kan duka biyun. Numfashina ya tsaya. Zanen biyu suka zauna daram, babu wanda ya narke.

"Zinariya ce ta ƙwarai," in ji shi. "Wanga baƙin riga ce aka sa mata, rigar ce ta tsufa."

Hawaye ya zubo mini, Gwaggo ta dafa kafaɗata.

Ɗansa, wanda ke zaune a kan benci da wata 'yar na'ura mai wayoyi, shi ya ƙarasa bayanin. Maƙwabciyata ta yi gaskiya a abu ɗaya: gwal tsantsa ba ya tsatsa, ba ya baƙi, ko shekara nawa ya yi a ƙasa. Duk baƙin gwal ɗin da ake gani a kasuwa, baƙin a fatarsa yake. Hanyar da ta fi yawa ita ce rufi da lantarki. Akwai wani ƙarfe, rodiyom, ɗan gidan filatinam, wanda akasarinsa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi, kuma sau da yawa ya fi gwal tsada. Wasu kuma ruteniyom, wani ƙarfe ɗan gidansu, suke amfani da shi. Ana narkar da shi cikin wani ruwa, a rataya zoben da waya a tsoma, a saki wuta kaɗan, sai ƙarfen ya bi wutar ya manne a jikin zoben. Kaurin abin da ya manne bai kai kashi 1 cikin 50 na silin gashi ba. Shi ya sa wanke-wanke da dakan turmi da gogar yau da kullum suke cinye shi.

Dattijon ya ce su tun kafin na'ura suna baƙanta ƙarfe. Ya ɗauko wani ɗan kunne na azurfa, ya tsoma a wani ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da aka haɗa da farar wuta. Ina kallo ya bi daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan ƙasa, ya koma baƙi. Ya goge samansa da tsumma, sai baƙin ya rage a cikin zanen kawai, kowane layi ya fito raɗau. Wannan ya fi komai burge ni a tafiyar. Na sha ganin kayan azurfar Buzaye da baƙin layi a cikin zanensu, ranar na fahimci cewa duhun ne ke fito da aikin hannun. Farar wuta azurfa da jan ƙarfe take kamawa, don haka gwal mai ƙaramin karat, wanda ke da gauraye da yawa, yana ɗan duhu da ita, mai babban karat kuwa ko gezau.

Ɗan ya ambaci wasu hanyoyi biyu da sai a manyan masana'antu. Ana haɗa gwal kashi 75 da wani ƙarfe mai suna kobal kashi 25, a gasa a zafin digiri 700 zuwa 950, sai kobal ɗin da ke sama ya haɗu da iska ya yi baƙar fata, ƙarfen kuma yana nan a karat 18. Ɗayar kuma ta hasken leza ce, wadda masana a Jami'ar Rochester ta Amurka suka gwada: ana sassaƙa fuskar ƙarfen da ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani, haske ya shiga ya kasa fitowa, sai ido ya ga baƙi.

Muna nan wani saurayi ya shigo da hoton baƙin zoben gwal a wayarsa, yana son irinsa. Dattijon ya ce masa, "Ɗana, ko an sa mata baƙar riga zinariya ce, kuma an hana mu maza sa ta." Ya ce zai yi masa na azurfa ya baƙanta. Saurayin ya yarda. Yadda ya faɗa masa a tausashe ya ƙara masa girma a idona.

Gwaggo kuwa tambayar mata ta yi: in buƙata ta taso aka zo sayarwa fa? Mu gwal ajiya ce a wurinmu, ranar da ciwo ko kuɗin makaranta ya taso shi ake cirewa. Dattijon ya ce sikeli nauyi da karat ya sani, za a cire nauyin dutsen, kuɗin rufin kuma ya tafi. A ganina wadda ke sayen gwal don ajiya ta tsaya ga karat 21 ɗinta. Baƙin na kwalliya ne, kuma kwalliyarsa ta gaske ce, don jan dutse ko kore ko lu'u-lu'u yakan yi kamar wuta a kansa. Ya fi daɗewa a 'yan kunne da abin wuya, tunda ba sa gogar komai. Zobe da awarwaro kuwa sai an riƙa sabuntawa.

Na ce a sabunta nawa. Ɗan ya cire ragowar tsohon rufin, ya goge zoben har ya koma ruwan ɗorawa tas, na gan shi yadda ban taɓa gani ba. Ya wanke shi sau da yawa, don ko maiƙon yatsa ya rage rufin ba zai kama ba. Ya tsoma, ruwan ya yi 'yan kumfa, cikin ɗan lokaci ya ɗago shi baƙi ƙirin. Ya gargaɗe ni in cire shi kafin wanki da girki, kada turare ko bilic su taɓa shi, kada in goge da toka ko man goge baki, ruwan ɗumi da sabulu mai laushi sun isa.

Da zoben a hannuna na yi rakiyar amarya ranar Lahadi. Da zan dawo Gwaggo ta cika mini jaka da kilishi, ta raka ni tasha. Muna wuce Magama layin waya ya dawo, na kira maigidana na ce masa ina da labarin zobensa, ya jira ni in iso.