Farar shadda a tsakar rana: yadda na zaɓi manhajar gyaran hoton RAW

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton ango da abokansa a Birnin Kebbi bayan an shafa fatiha ya san matsalar da zan faɗa. Rana tana tsaka, kowa ya sha farar shadda, hula ko rawani ya yi wa fuska inuwa. In ka saita kyamara don fuska ta fito, riga ta ƙone fari fat, aikin da maɗinki ya ɓata makonni yana yi a wuya da aljihu ya ɓace. In ka saita don rigar, fuskoki su dushe, sai haƙora da fararen idanu. Wannan ne ya tura ni ɗaukar hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta riga ta gyara ba, kuma da shi na auna duk manhajar da ta shigo hannuna.

Kyamarata Canon 600D ce, ta hannu na saye ta. Shekaru ina ɗauka da JPEG kamar kowa a situdiyonmu, ban san abin da kyamara ke zubarwa ba kafin ta ba ni hoto. Idon kyamara ba ya ganin kala. Haske kawai yake aunawa. A kan kowane ɗigo nasa akwai ɗan matacin launi, ja ko kore ko shuɗi, rabinsu kore ne, sauran rabin ja da shuɗi suka raba. Wani ma'aikacin Kodak mai suna Bryce Bayer ne ya ƙirƙiro tsarin, aka yi masa rajista a 1976. Kenan kowane ɗigo launi ɗaya ya sani, sauran biyun sai an lissafo su daga maƙwabtansa. In JPEG ka zaɓa, kyamara ce za ta yi wannan lissafi, ta yanke hukunci a kan fari da baƙi da kaifin hoto, ta matse komai zuwa matakin haske 256 a kowane launi, ta jefar da ragowar. Fayil ɗin RAW da kyamarata ke fitarwa kuwa, wanda Canon ke kira CR2, matakai 16,384 yake riƙewa. A wannan tazarar ne zaren aikin rigar ango yake ɓoye.

Mu da muka tashi a ƙasar shinkafa ba sai an yi mana dogon bayani ba. RAW shanshera ce, JPEG kuma dafa-duka ce da aka riga aka sauke. Shanshera ba ta ciyuwa sai ta bi ta hannun mai gyara, amma kai ke da ikon abin da za ta zama.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda hoton ke fitowa. A bayan kyamara ka gan shi tas, ka buɗe shi a kwamfuta cikin wata manhaja ka gan shi a kwance, babu armashi. Sai daga baya na gane cewa abin da kyamara ke nuna maka ɗan JPEG ne da ta cusa cikin fayil ɗin don kallo kawai. Hatta jadawalin hasken da take zana maka daga wannan JPEG ɗin take zana shi, shi ya sa wani lokaci za ta yi ta ƙyaftawa wai farin ya ƙone alhali akwai sauran bayani a ciki. Wanda bai san haka ba zai zargi manhaja, ya goge ta tun ranar farko.

Ga yadda na yi gwajina. Ban tsaya kallon hotunan dusar ƙanƙara da furanni da ake tallar manhajoji da su ba. Na ware hotunana masu wuya: na ɗaurin auren tsakar rana, na dinar dare a zauren taro inda fitilu masu launin shunayya da kore suka rina fuskar amarya, na wata safiyar hunturu da hazo ya rufe gadar Rima, da waɗanda na ɗauko a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu a watan Maris na 2020. Waɗannan na ƙarshe sun fi kowanne gardama: dubban masunta da gora da homa, jiki baƙi a jiƙe yana ƙyalli, ruwa ya zama laka, rana na dukan feshin ruwa. Duk manhajar da na saka, waɗannan hotuna nake fara ba ta.

Na fara da Digital Photo Professional, wadda Canon ke bayarwa kyauta ga mai kyamararsu. Lambar jikin kyamara kawai za ka shigar ka sauke. Alherinta a fili yake: tana buɗe hoto da irin launin da ka gani a bayan kyamara, don haka sabon shiga ba ya ruɗewa. A nan na koyi jan haske sama da ƙasa, na ga aikin wuyan riga yana dawowa a idona. Ranar da na nuna wa maigidana, wanda tun zamanin fim yake sana'ar, ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Ashe wankin hoto bai mutu ba, ɗaki kawai ya sake." Har gobe duk yaron da ya tambaye ni inda zai fara, manhajar kamfanin kyamararsa nake nuna masa. Mai Nikon yana da NX Studio da ta fito a 2021, mai Sony yana da Imaging Edge. Sai dai kowace fayilolin gidansu take karantawa, mu kuwa a babban biki mukan haɗa kyamarori, wani da Canon wani da Nikon, a tara komai a kwamfuta ɗaya.

Lightroom na kamfanin Adobe, wadda ta fito a 2007, ita ce kusan kowa ke ambata. Na yi gwajin kyauta na mako guda da suke bayarwa, kuma ba zan rage ta da komai ba. Tana da sauƙin hannu, tana da sauri wajen tantance hotuna, ka gyara ɗaya ka shafa gyaran a kan ɗari. Amma tun bayan Lightroom 6 ta 2015 ba a sake fitar da wadda za ka saya sau ɗaya ka huta ba. Haya ce, wata-wata ko shekara-shekara. In ka daina biya, hotunanka suna nan, amma sashen gyara ya rufe. Na zauna na yi lissafi. Aikinmu na lokaci ne: bayan kaka da gabanin azumi biki kan biki, da damina ta kankama kuma sai ka yi makonni ba ka ɗora kyamara a wuya ba. Kuɗin haya bai san damina ba, kuma farashinsa da dala yake tafiya. Wanda ke da babban situdiyo da aiki kullum, ta cancanci kuɗinta. Ni ba ta dace da aljihuna ba. Capture One ta mutanen Denmak da DxO PhotoLab ta Faransa ma na leƙa su. Ta biyun ta burge ni wajen share tsakin da ke cika hoton dare, amma su ma kuɗinsu ya fi ƙarfina.

A nan ne wasu abokan sana'a kan ce, to ai akwai fasasshiya a kasuwa, a loda maka da ɗan kuɗi kaɗan. Ban yarda da wannan ba, kuma ba na ɓoye ra'ayina. Na farko haƙƙin mutane ne. Na biyu, kwamfutar da kake sa wa abin da ba ka san cikinsa ba ita ce mai ɗauke da hotunan matan mutane da 'ya'yansu, hotunan kamu da sa lalle da ba kowa aka yarda ya gani ba. Amana ce. Na ga wanda irin wannan lodi ya kulle masa fayilolin biki guda, ya rasa bakin da zai yi wa iyayen amarya bayani.

Sai na koma ga na kyauta na halal, waɗanda masu sa kai ke ginawa. RawTherapee, wadda wani ɗan Hangari mai suna Gábor Horváth ya fara, tana fitar da ƙananan bayanai ƙwarai. Zaren homa a hotunan Argungu ɗaya-ɗaya na riƙa ganinsu. Wadda na zauna a kanta dai ita ce darktable. Johannes Hanika ya fara ta a 2009, ta iso Windows a ƙarshen 2017. Ba ta da saurin sabo. Maɓallanta sun yi yawa, kuma bayananta da Turanci mai nauyi suke. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne na rufe ido daga yawancinsu na riƙe kaɗan: na haske, na daidaita fari, na filmic ko sigmoid da ke lanƙwasa haske mai tsanani ya shiga hoto ba tare da ya ƙone ba, sai wanda ke ba ka damar ɗaga inuwa kaɗai ka bar farin a inda yake. Da waɗannan nake gama kusan duk aikin biki. Hazo ma akwai maɓallinsa, amma ina taɓa shi da sauƙi, don hunturun da aka share masa hazo gaba ɗaya ya daina zama hunturun Kabi.

Dalilin da ya fi rinjaya a wurina shi ne fata. Shirye-shiryen launi da ake saukewa daga intanet a manna wa hoto, yawancinsu ba da fatarmu aka gwada su ba. Sukan mayar da mutum ruwan lemo ko ruwan toka. Ga kuma ɗabi'ar da ta shigo ta ƙara wa amarya haske har ta tashi daga kamanninta. Wata dattijuwa ta taɓa kawo mini albam da aka yi wa ɗiyarta a wani wuri, ta buɗe ta ce, "Ɗana, duba mini. Wagga ba ɗiyata ba ta." Na ce, "Inna, in suna da asalin fayil ɗin, a karɓo, za ta dawo." Ba su ajiye ba. Abin ya tsaya mini a rai. Haskaka fuska daban, sauya wa mutum launin da Allah ya ba shi daban. In ƙawar amarya ta ce in ƙara mata haske, inuwar da ke ƙarƙashin ɗaurin kallabi nake ɗagawa, launin kuma in bar mata abinta, kuma ban taɓa ganin wadda ta dawo da hoton ba.

Wajen daidaita fari akwai tarkon da ya shafe mu musamman. Manhaja takan ce ka nuna mata abu fari a hoton don ta gyara sauran launuka. Hannu zai tafi kan rigar ango. Amma farar shaddar da aka wanke da bula tana da shuɗi-shuɗi, in ka ce mata wannan ne fari sai ta ja hoton duka zuwa rawaya. Yanzu da na shiga zauren biki nakan sa yarona ya riƙe farar takarda a inda ango da amarya za su zauna, in ɗauka sau ɗaya, in gyara sauran da ita.

RAW ba ya ta da matacce. In launuka ukun nan duka sun ƙone a wuri, babu manhajar da za ta dawo da su. In ɗaya ko biyu sun tsira ne ake samun abin kamawa. Hoton da hannu ya girgiza ko saiti ya kauce, ya tafi. Shi ya sa a rana nakan rage haske kaɗan tun a kyamara don in tsirar da riga, fuska kuma in ɗago ta a kwamfuta.

Sai nauyi. Kowane fayil nawa yana kai megabait 25, katin gigabait 32 bai wuce ya ɗauki dubu da 'yan kai ba. Kwamfutata mai RAM gigabait 4 ce da farko, a zafin Afrilu da ake haura digiri 40 sai ta yi ta huci. Da na ƙara ya zama 8 na sa mata faifan ajiya mai sauri na SSD, aiki ya sauya. Nakan yi tantancewa da batir, in bar fitar da hotuna sai an kawo wuta. A biki ina ɗaukar RAW da JPEG tare, saboda dangi ba sa jiran gobe: kafin a watse suna son abin ɗorawa a WhatsApp. In zan tura wanda na gyara, a matsayin fayil nake turawa don kada a matse shi, kuma a tsarin launi na sRGB, wanda waya da injin wanki suka fi ganewa. Allon kwamfuta ma ba abin yarda ba ne. Na kai hotuna kaɗan an wanke, na ajiye su gefen allo na daidaita shi da takarda.

Darktable ba ta taɓa asalin fayil. Duk gyaran da ka yi tana rubuta shi a wani ɗan fayil na XMP kusa da hoton, don haka in za ka kwafe aiki zuwa faifan ajiya, ka kwashe su tare. Ina ajiye na kowane biki a wuri biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida. Mai shirin sauya kyamara kuma ya fara dubawa ko manhajarsa ta san fayil ɗin sabuwar: Canon ta fito da tsarin CR3 a 2018, darktable ba ta fara buɗe shi ba sai a fitowarta ta 3.8, a Disambar 2021. Ni ma da nake tara kuɗin sabuwa, sai da na roƙi wani abokin sana'a a Jega ya ɗauko mini hoton mai farar riga a rana da irin kyamarar, na buɗe shi a kwamfutata, sannan na fara tambayar farashi.